Taswira Ba Ta Tare Rana: Sharhi a Kan Zane-zanen Ɗaliban Tsara Gine-gine

Wataƙila mai karatu ya ce, me ya haɗa mujallar ƙungiyar Hausa da zanen gini, ai wannan sha'anin masu rula da fensir ne. To, amsata ita ce, gini ma magana ne. Wanda ya iske dakali a ƙofar gida, ya shiga zaure ya ɗaga kai ya ga daurin guga, ya riga ya ji abin da maigidan ke faɗa tun bai buɗe baki ba. Tun da kuwa mun ɗaukar wa kanmu feɗe waƙa da wasan kwaikwayo, ban ga abin da zai hana mu feɗe zane ba.

Kowace shekara 'yan'uwanmu masu koyon tsara gine-gine sukan kafe ayyukansu na ƙarshe a bango don a gani a ba su maki. Na duba da dama daga cikinsu, kuma abubuwa uku ne suka fi yawan fitowa, watau lambun shaƙatawa, da laburare, da rukunin gidaje. Gaskiya akwai gwaninta, layi ya miƙe, launi ya zauna, an kuma sha rashin barci. Amma ma'aunina ɗaya ne: nakan ɗauki zanen a zuci in dasa shi a Wurno ko Rabah ko Goronyo, garuruwan gabashin Sakkwato inda na fito, in ga ko zai kai shekara.

Mu fara da lambu. Galibi za ka ga ciyawa kore shar, da famfon ƙawa mai feshi a tsakiya, da bencinan siminti a sarari. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, damina kuma ba ta cika wuce wata huɗu ba, wa zai zauna kan wannan benci da azahar? Wa zai shayar da ciyawar? Ko a Goronyo, inda aka kammala madatsar ruwa a kan gulbin Rima a 1984, mai noman rani bai gama ƙorafin ruwa ba, balle a ba ciyawar da ba a ci. Itatuwan zanen kuwa duk kamar curin auduga suke, ba su da suna. Alhali da ɗalibi ya rubuta gawo, da mun san ya yi tunani, domin gawo da rani yake ganye, lokacin da ake neman inuwa ido rufe. Ga tsamiya, ga darbejiya, ga giginya a bakin fadama. Bugu da ƙari, garuruwanmu ba su taɓa rasa wurin shaƙatawa ba. Akwai dandali, akwai gindin itacen da dattawa ke dara, akwai fagen kokawa bayan kaka. Wanda bai fara da waɗannan ba, lambun baƙi ya zana.

Sai laburare. Nan ne abin ya fi ba ni takaici, domin Wurno ba baƙuwar littafi ba ce. Ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, marubucin Infaƙul Maisuri, can ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa yake. Me zanen ya tanadar wa gari irin wannan? Bangon gilashi mai kallon yamma, wanda ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma ba ta motsi sai da lantarki. Ran da wuta ta ɗauke, an gina wa littattafai tanda ke nan. Da wuya ka ga ɗakin da aka keɓe wa rubutun hannu na Larabci da ajami da ke cikin gafakokin malamai, waɗanda gara da ƙura da ɗigar soro ke ci kullum. Ba ka ganin rumfar da mai allo zai shimfiɗa buzu. Ba ka kuma ganin ƙofar da matar aure za ta bi ba tare da ta ratsa taron maza ba, a ƙasar da Nana Asma'u ta tsara karatun mata ta hannun jajinta da 'yan taru.

Gidaje kuwa, falo da ɗaki biyu ne aka jera kamar ƙwayar ashana, an yi wa miji da mata da 'ya'ya biyu. Ina zaure? Ina shigifa? Ina tsakar gidan da za a yi daka, a shanya albasa da tafarnuwa? Ina rumbu da turke? Gidan Bahaushe girma yake yi tare da iyali, in ɗa ya yi aure a yanka masa sashe. Kada a ce wannan zancen ƙawa ne. A watan Satumba na 2010 ambaliyar Rima ta share ƙauyuka a ƙasar Goronyo. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙasar Rabah, jama'a suka tsere zuwa Gandi. Waɗanda irin wannan masifa ta raba da muhalli su ne suka fi kowa bukatar mai zane, su ne kuma aka fi mantawa da su.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kiran a koma wa tubali da makuba ido rufe. Katangar ƙasa tana tare zafi, amma in ruwa ya kwanta a gindinta narkewa take yi, azara kuma ta yi wuya ta yi tsada. Ai nan ne ake neman ilimin jami'a: a zaɓi tudu, a ɗaga harsashi da dutse da siminti, a matse bulon ƙasa da inji, a fitar da indararo nesa da bango.

Wannan kuwa an yi shi, ba mafarki ba ne. Francis Kere yana ɗalibi a Berlin ta Jamus ya gina makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001, da bulon ƙasa da rufin kwanon da aka ɗaga sama don iska ta ratsa, mutanen gari kuma su ne ma'aikatan. Aikin ya sami lambar Aga Khan a 2004, shi kuma ya karɓi ta Pritzker a 2022. Kusa da mu, a jihar Tawa ta Nijar, masallacin Yama da magini Alhaji Falke Barmu ya fara a 1962 ya ci lambar Aga Khan a 1986. A Dandaji, cikin jihar dai, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa laburare, suka gina sabo a gefensa, aka gama a 2018. Duk Hausawa ne ke zaune a waɗannan garuruwa biyu, zafinsu kuma irin namu ne.

Na san ɗalibai suna da hanzari. Kuɗin mota ya yi tsada, wasu hanyoyin ba su biyuwa saboda tsaro, gilashi kuma ya fi tubali ɗaukar ido ranar ba da maki. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai ɗakin nan yana tashar mota, yana kasuwa, yana ma cikin ɗakunan kwananmu. Tambayarsa ba ta cin ko kwabo.

Daga ƙarshe, mu ma 'yan ƙungiya akwai namu aikin. Kalmomin magina irin su bakan gizo da zanko da laso suna ƙarewa tare da tsofaffin da suka san su. Shawarata ita ce, duk hutu ɗalibin Hausa da ɗalibin zane su je wurin Sarkin Magina tare, wannan ya rubuta, wancan ya auna. A kuma sa kowane ɗalibi ya bayyana zanensa da Hausa cikin shafi ɗaya, yadda kakarsa za ta gane. In ta ce za ta iya kwana a ciki, to a ba shi makinsa. Allah ya sa mu dace, amin.