Tukunya a Matsayin Alamtarwa: Miyar Tumatir a Finafinan 'Yan Mafiya da Garban Abijan

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba yadda ake amfani da girki wajen isar da jigo a finafinan 'yan Mafiya guda biyu na Amurka, sannan ta kwatanta shi da wani abincin da ya ɗauki sunan Bahaushe a birnin Abijan. Manufa ita ce ɗalibi ya fahimci cewa abinci ma harshe ne, musamman a wurin baƙo.

2.0 Miya a Cikin Fim

A fim ɗin The Godfather na Francis Ford Coppola (1972), bayan an harbi maigida Vito Corleone, mutanensa sun taru a gida. Nan ne Clemenza ya kira Michael, autan 'ya'yansa maza, ya nuna masa miyar taliya: a zuba mai, a soya tafarnuwa, a sa tumatir da tumatirin gwangwani, a kula kada ya kama, sannan a saka nama da giya kaɗan da ɗan sukari. Dalilinsa shi ne wata rana Michael zai iya dafa wa mutum 20.

Idan aka lura, ba girki kaɗai ake koyarwa ba. Michael soja ne da ya nisanci sana'ar gidansu, budurwarsa ma ba 'yar Italiya ba ce. Mutum 20 ɗin nan mayaƙa ne masu ɓuya a lokacin rikici. Ba da jimawa ba kuma Clemenzan nan ne ya koya masa riƙon bindiga. Wato ta bakin tukunya aka fara shigar da shi dangi.

A Goodfellas na Martin Scorsese (1990) kuwa, Paulie yana yanka tafarnuwa da reza a gidan yari, siriri har ta narke a mai. Wannan alamtarwa ce ta iko: ɗaurin da ke karya talaka bai hana su cin daɗi ba.

Raunin salon shi ne ya haɗa miyar al'umma guda da laifin 'yan kaɗan. Tun 1971 wata ƙungiyar Italiyawan Amurka ta matsa har aka cire kalmar Mafiya daga rubutun The Godfather. An cire kalma, amma tukunya ta ci gaba da faɗin su wane ne.

3.0 Garba a Adjamé da Treichville

Hausawa ma baƙi ne a Abijan, sai dai labarinsu ya bi wata hanya. A Adjamé da Treichville akwai rumfunan garba, wato aceke, abincin rogo mai kama da burabusko, da soyayyen kifin tuna, ɗanyen tumatir, albasa, barkono da man suyar. Aceke na ƙabilun bakin ruwa ne irin su Ebiriye, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2024. Kifin daga tashar jiragen ruwan birnin yake fitowa. Amma da yake Hausawan Nijar ne suka shahara da sayar da shi, sai aka kira shi Garba, laƙabin Abubakar. Sunan ya shiga Faransancin Abijan har ya haifi garbadrome, wato wurin cin garba.

4.0 Kammalawa

Ɗan Italiya ya kai miyarsa baƙunta, fim ya rataya mata suna. Bahaushe ya tarar da abincin masu gida, sana'arsa ta ba shi suna. Duk marubucin da zai kai labarinsa zangon Abijan, ya san cewa abin da ya ɗora kusa da kwanon garba, wuƙa ko carbi, da shi za a riƙa tuna masu sayar da shi.