Ruwan Alwala Daban, Ruwan Sha Daban

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa malamai, wannan gyara da mu yake, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Duk almajirin da ya sauke Ahalari ko Ishmawi ya san siffofin ruwa guda uku: launi, ɗanɗano da ƙamshi. Mun biya masa cewa idan ƙasa ko taɓo ne suka jirkita ruwa, ba laifi a yi alwala da shi. Haka yake a mazhabar Imamu Malik, ba mu ja ba. To amma a nan muke rufe littafi, sai manomi ya tashi daga zaure da fahimtar cewa ruwan tabkin da ya halatta ga alwala ya dace da cikin ɗansa. Fiƙihu hukuncin ibada ya yanke, bai ce babu cuta a ciki ba. Ƙwayar kwalara ba ta sauya launi, ba ta sauya ɗanɗano. Ruwa garai-garai, ga ajali a ciki.

Ba mu manta daminar 2018 ba, lokacin da zawo da amai ya ɓarke a Madarunfa ya bazu cikin jihar Maraɗi. Hanyarsa sananniya ce: a zaga daji, ruwan sama ya kwaso ƙazantar ya zuba a tabki ko rijiya marar murfi, a ɗebo a sha. A ci tuwo akushi ɗaya da hannun da bai ga sabulu ba. Shi ke nan fa.

Abin kunyar, maganar tana cikin littattafanmu. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Abu Dawuda ya kawo kashedi kan yin bayan gida a mashaya, da kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Sau nawa muka hau mumbari da waɗannan a farkon damina? Sai an yi rashi mu ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma Sayyidina Umar da ya ji annoba a Sham juyawa ya yi da jama'a, kuma bai fi mu ƙarancin tawakkali ba.

Wani zai ce talauci ne. E, manomi ba shi da kuɗin haƙa famfo, wannan nauyin hukuma ne kuma mu ci gaba da tuna mata. Amma murfin randa nawa ne? Toka fa, in babu sabulu? Mu dubi masallatanmu ma: randa buɗe, moɗa ɗaya kowa na tsomawa, yara na tsugunawa bayan katanga don ba mu gina masai ba, alhali mun tara kuɗin lasifika.

Shawararmu, duk malamin da ya biya babin tsarki ya ƙara da cewa ruwan sha a tafasa shi ko a sa maganin tsabtace ruwa, a rufe. Wanda zawo ya kama a ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi likita, rubutu ba ya hana wannan. Kuma kowane kwamitin masallaci ya sa masai gaba da fenti.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wallahu a'alamu.