Wasan 'Yar Tsana da Duniyoyin Wasa na Kamfanoni: Wane ne Mai Dandalin?

1.0 Gabatarwa

Masana adabin Hausa sun daɗe suna lissafa wasan 'yar tsana cikin wasannin kwaikwayo na gargajiya. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu kwatanta shi da duniyoyin wasa waɗanda kamfanonin kayan wasan yara suka gina a intanet. Ma'auninmu guda ne, watau wane ne ke da ikon wasan, yaro ko kamfani?

2.0 Duniyoyin Kamfanoni

A shekarar 2005 kamfanin Ganz na ƙasar Kanada ya fito da Webkinz. Akan sayi 'yar dabba ta ƙyalle mai ɗauke da lambar sirri. In yaro ya shigar da lambar a kwamfuta sai dabbar ta bayyana, ya riƙa ciyar da ita, yana ƙawata mata ɗaki da kuɗin wasa da ake kira KinzCash. A tsarin farko, shekara ɗaya lambar ke aiki, mai son ci gaba sai ya sayi wata dabbar. Kamfanin Mattel ya biyo baya da Barbie Girls a 2007, sannan aka buɗe LEGO Universe a 2010.

Ba za mu ƙi yaba musu ba, domin suna koya wa yaro tattali da kula da abin kiwo. Sai dai yawancin aikinsa a ciki zaɓe ne daga abin da aka riga aka zana masa. Ko a LEGO Universe, inda yaro ke gini da kansa, filin na kamfani ne. Da aka rufe Barbie Girls a 2011, aka rufe LEGO Universe a Janairun 2012, ɗakunan da yara suka tsara sun tafi tare da su. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

3.0 Dandalin Gida

Mu dawo gida Zamfara. A Tsafe da Bungudu da unguwannin Gusau, da kaka ta yi, yaro kan sami karan dawa ya ƙera mota ko ya hau dokin kara. 'Yan mata kuwa su ɗinka wa 'yar tsana tufafi da ƙyallayen tela, su haɗa mata lefe, su kai ta ɗakin miji. A nan yara su ne maƙera, su ne masu tsara labari, su ne 'yan wasa. In motar ta karye, gobe a ƙera wata ba tare da ko kwabo ba.

Akwai kuma wani darasi. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Duk wasan da ya dogara ga intanet ya tsaya cik a lokacin, amma motar kara ba ta nemi izinin kowa ba.

4.0 Kammalawa

Duk da haka, kada mu ruɗi kanmu. Rashin tsaron da ya jawo katse layukan shi ne kuma ke hana yaran ƙauyuka fita dandali da farin wata, wasan da aka daina yi kuwa mantuwa ke cinye shi. Saboda haka muna kira ga manazarta, musamman na Jami'ar Tarayya ta Gusau, da su tattara waɗannan wasanni daga bakin yara da iyayensu mata. In kuma wata rana za a gina wa ɗan Bahaushe duniyar wasa a intanet, to, a bar shi ya zama maƙeri a cikinta, ba ɗan haya ba.