Mutuwar Akawun Reluwe a Littafin Mario Puzo

A 1965 Mario Puzo ya fitar da The Fortunate Pilgrim, labarin Lucia Santa, wadda ta baro Italiya ta zauna unguwar talakawa a New York, dab da hanyar jirgin ƙasa. Ɗanta Vincenzo tun yana ƙarami aka kai shi aiki gidan burodi. Da ya girma ya zama akawun reluwe. Ran nan kan jirgi ya banke shi, ya mutu.

Ga inda gwanintar Puzo take. Direba ya ce saurayin da ƙafarsa ya shiga gaban jirgi, wansa Larry kuwa ya ja masa kunne ya yi shiru, domin asirin gida ya rufu. Watau an binne gawa tare da gaskiya. Mai karatu ya lura: Hausawa sukan gaggauta jana'iza, sa'an nan a zauna makoki, su kuwa sukan ajiye gawa dangi su kewaye ta.

Wani zai ce Puzo bai nuna mana zuciyar Vincenzo sosai ba. Amma ai ma'anar ke nan: mai haƙurin gida, sai ya mutu ake tunawa da shi.