Tsoron Dodo ko Tsoron Kuskure: Sharhi a kan Martanin Masu Kallon Wasan The Quatermass Experiment na 2005

1.0 Gabatarwa

A daren Asabar, 2 ga Afrilu 2005, tashar talabijin ta BBC Four da ke Birtaniya ta watsa wasan kwaikwayo mai suna The Quatermass Experiment kai tsaye, wato ƴan wasa suna yi, masu kallo suna gani a daidai wannan lokaci, babu naɗa balle gyara. Wasan maimaici ne na wani tsohon shiri da BBC ta nuna a 1953, kuma an yi shekara fiye da 20 gidan bai yi kasadar watsa wasan kwaikwayo irin wannan kai tsaye ba.

Wasan yana cikin rukunin adabin da ake kira ƙagaggen labarin kimiyya, wato labarin da ake ginawa bisa hasashen abin da kimiyya da fasaha za su iya haifarwa. Ɗalibin Hausa ya san misalinsa a littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Wannan takarda za ta dubi yadda masu kallo suka karɓi maimaicin. Abin da take son nunawa shi ne, an iya maido da hanyar watsa shirin ta 1953, amma fargabar da ta cika zukatan masu kallo ta tashi daga kan labarin ta koma kan ƴan wasan.

2.0 Asalin Wasan

Nigel Kneale ne ya rubuta wasan na asali, Rudolph Cartier ya shirya shi, Reginald Tate kuma ya fito a matsayin tauraro, Farfesa Bernard Quatermass. An nuna shi kashi 6, duk ranar Asabar, daga 18 ga Yuli zuwa 22 ga Agusta 1953, daga ɗakunan shirye-shiryen Alexandra Palace a Landan.

Ga labarin a taƙaice. Farfesan ya harba kumbo zuwa sararin samaniya da mutum uku a ciki. Da kumbon ya faɗo a Landan, mutum ɗaya kaɗai aka tarar, Victor Carroon, sauran biyun babu su babu gawarsu. Daga baya aka gane cewa wata halitta ce ta shiga kumbon, ta narkar da su biyun a cikin jikin Carroon, shi ma tana cin sa sannu a hankali. Ya tsere, ya rikiɗa ya zama dodo mai kama da tsiro, ya maƙale a majami'ar Westminster yana shirin watsa irinsa, abin da zai halaka duniya. Farfesan bai kashe shi da makami ba. Magana ya yi da ɗan guntun mutuntakar da ta saura ta mutanen uku a cikin dodon, ya roƙe su su juya masa baya, da haka halittar ta mutu.

Abubuwa uku ya kamata a riƙe game da masu kallon 1953. Na farko, tashar talabijin ɗaya ce tak a Birtaniya, domin sai 1955 ITV ta fara aiki. Na biyu, babu wanda ya taɓa zuwa sararin samaniya. Sai 1957 aka harba Sputnik, sai 1961 Yuri Gagarin ya kewaya duniya. Saboda haka tambayar me mutum zai tarar a can, tambaya ce ta gaske. Na uku, a ranar 2 ga Yuni na wannan shekara miliyoyin mutane suka kalli naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a talabijin, a wannan majami'a ta Westminster. Ke nan Kneale ya ɗauki wurin da jama'a suka gani cike da alfarma, kafin a cika wata uku ya cusa masa dodo.

Watsawa kai tsaye a lokacin dole ce ta sa, domin na'urar naɗar bidiyo ba ta shigo ba tukuna. Shi ya sa kashi 2 kaɗai suka tsira daga cikin 6, su ma ta hanyar ɗaukar fuskar akwatin talabijin da kyamarar fim.

3.0 Maimaicin 2005

Richard Fell ne ya taƙaita rubutun Kneale, Sam Miller ya ba da umarni. Jason Flemyng ya fito a Quatermass, Andrew Tiernan a Carroon, Indira Varma a matar Carroon, sai David Tennant a Dokta Gordon Briscoe da Mark Gatiss a Paterson. An yi wasan a wani tsohon filin gwajin motocin soja da ke Longcross a yankin Surrey. Labarin da ya ci kimanin awa 3 a 1953, an matse shi cikin awa 2. A daren wasan ma bai kai haka ba, ya ƙare da wajen minti 20 kafin lokacin da aka ware masa. An kuma ɗauke ƙarshen labarin daga Westminster an kai shi Tate Modern, gidan baje kolin zane-zane da aka buɗe a 2000 a ginin wata tsohuwar tashar lantarki. Kusan mutum rabin miliyan suka kalla, wanda adadi ne babba ga BBC Four.

4.0 Martanin Masu Kallo

Ana iya kasa martanin da ya biyo bayan shirin gida uku.

4.1 Masu Jiran Kuskure

Kaso mai yawa na abin da aka faɗa game da shirin ya tsaya ne a kan tuntuɓe: ɗan wasan da maganarsa ta ɓace masa, ƙarar da aka ji daga bayan kyamara, saurin da ƴan wasa suka riƙa yi har lokaci ya yi rara. Masu yabo sun ce waɗannan su ne gishirin shirin, masu kushe sun ce alamar rashin shiri ne. Abin lura shi ne, duka ɓangarorin biyu ido ɗaya suka yi kallo da shi. Mai kallon 1953 yana tambayar ko Landan za ta tsira, mai kallon 2005 kuwa yana tambayar ko Flemyng zai kai ƙarshen fitowa bai yi tuntuɓe ba.

Dalilin wannan a fili yake. A 1953 babu mai tallar shiri da cewa kai tsaye ne, tunda kusan kowane wasa haka yake. A 2005 kuwa zaɓi ne, kuma da shi aka yi tallar shirin. Idan aka ce wa mutum ya zo ya ga mai tafiya bisa igiya, ba za a zarge shi ba don ya zuba wa ƙafafun ido. Wani misali ya ƙara fito da wannan. Mako guda kafin shirin, a 26 ga Maris 2005, shirin Doctor Who ya dawo talabijin, kuma ana cikin gwajin wasan Quatermass aka yi wa Tennant tayin zama tauraronsa na gaba. A daren wasan Flemyng ya kira shi da laƙabin dokta a wani wuri da rubutun ya ce ya kira sunansa. Bayan an bayyana naɗin Tennant a tsakiyar Afrilu, wannan ɗan barkwanci ya zama ɗaya daga abubuwan da aka fi tunawa da su, alhali ba ya cikin labarin ko kaɗan.

4.2 Masu Neman Dodo

Rukuni na biyu su ne waɗanda suka yi ƙorafin ba a nuna dodon a fili ba. A 1953 Kneale da kansa ya sa safar hannu da aka lulluɓe da ganyaye, ya zura hannuwansa ta cikin wani babban hoton majami'ar yana motsa su, kuma dishi-dishin hoton talabijin na lokacin ya rufa wa dabarar asiri. Kyamarar 2005 ba ta rufa irin wannan asiri. Da an maimaita dabarar, dariya za ta jawo. A nan ra'ayin wannan takarda ya saɓa da na masu ƙorafin, domin jigon Kneale shi ne mutum da ake cinye mutuntakarsa yana ji yana gani, kuma Tiernan ya isar da wannan da fuska da jiki, kusan ba tare da magana ba.

Sai dai ƙorafin nasu yana da tushe ta wani gefen. Westminster tana ɗauke da ma'anar sarauta da addini da tarihi, mai kallo ya san abin da za a yi asara idan ta faɗi. Faffaɗan zauren Tate Modern ba ya ɗauke da wannan nauyi. Da aka haɗa rashin dodo da rashin nauyin wuri, sai ƙarshen ya zama mutum ɗaya yana magana cikin duhu, kuma duk wanda bai san labarin ba tun da fari yana iya rasa gane abin da ya auku.

4.3 Masu Jin Saɓanin Zamani

Rukuni na uku, wanda ya fi kusa da aikin ɗalibin harshe, sun ji cewa maganganun ba su dace da tufafi da kayan da ake gani ba. An riƙe yawancin kalaman Kneale, amma an sa su a bakin mutanen da suka yi kama da na 2005, tare da hotunan Landan ta lokacin da aka ɗauka daga sama, waɗanda ake sakawa tsakanin fitowa da fitowa don ƴan wasa su sami damar sauya wuri. Mutanen labarin suna mamakin tafiya sararin samaniya kamar sabon abu, alhali mai kallo ya san an sauka a kan wata tun 1969. Harshe yana ɗauke da shekarunsa: yadda ɗan jarida yake tambaya, yadda ɗan sanda yake gaida farfesa, yadda mata take magana game da mijinta, duk na 1953 ne. Wannan matsala ce da duk mai sabunta tsohon wasa zai ci karo da ita, ko da a Hausa ne, matuƙar ya sauya tufafi ya bar kalamai yadda suke.

4.4 Abin da Ya Kutso daga Waje

Ana cikin wasan sai rubutu ya bayyana a fuskar talabijin yana shawartar masu kallo su koma tashar BBC News 24 domin wani muhimmin labari. Fafaroma John Paul na Biyu ne ya rasu a daren. Wannan ya raba hankalin masu kallo, amma kuma shi ne abin da ya fi tabbatar musu cewa shirin da duniyar da suke ciki lokaci ɗaya suke tafiya. Wanda ya kalli faifan DVD da aka fitar daga baya a 2005 bai ga wannan rubutu ba, kuma ya san tun farko cewa ƴan wasan sun kai ƙarshe lafiya. Saboda haka hukuncin wanda ya gani a daren da na wanda ya ga faifan ba a kan abu ɗaya aka yanke su ba, kuma bai kamata manazarci ya gwama su ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa martanin masu kallon maimaicin 2005 ya karkata ga kasadar watsawa kai tsaye, ga rashin dodo, da ga saɓanin harshe da zamani. A ma'aunin wasan kwaikwayo, shirin ya yi nasara wajen fitowar Carroon da kuzarin da ƴan wasa suka samu daga fargabarsu, ya kuma yi rauni a ƙarshensa da wajen daidaita kalamai da zamani. Kneale, wanda ya ba masu shirin shawara, ya rasu a 2006, shekara guda bayan maimaicin.

Ga ɗalibi mai nazarin martanin masu kallo ko masu sauraro, ko na fim ne ko na waƙa ko na wasan dandali, matakin farko shi ne ya tantance abin da martanin yake amsawa: labarin ne, ko aiwatarwar, ko yanayin da aka yi kallon. A wannan misali, mafi yawan abin da aka faɗa a kan The Quatermass Experiment na 2005 ya faɗa cikin na biyu da na uku.