Waƙoƙin 'Ya'yanmu: Daga Addis Ababa Zuwa Sasa

Mun je zaman karatun waƙe da matasan Sabo suka shirya ranar Asabar bayan La'asar, kuma sun yi abin da mu iyayensu muka kasa: sun ambaci ciwon damuwa da sunansa, a gaban jama'a.

Waƙar da ta fi tsaya mana a rai ta wata yarinya ce, a kan yayanta ɗan acaba da ya daina magana, ya daina cin abinci, gida aka ce aljanu ne, maƙwabta suka ce ƙwaya ce. Ba ta zagi kowa ba. Kwanon tuwon da ke kwana a ƙofar ɗakinsa kawai ta yi ta dawowa kansa a ƙarshen kowane baiti, har wurin ya yi tsit. Mun ga dattijo yana share ido da bakin rawani. Da ma ta ƙara baiti ɗaya ta faɗa mana inda za a kai shi, don akwai likitocin ƙwaƙwalwa a UCH nan kusa da mu, ga asibitin Aro a Abeokuta, kuma tun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Da yawanmu har yau mari da sarƙa muka sani.

To, da aka zo kan haɗin kan Afirka, sai abin ya yi sanyi. Nkrumah, Lumumba, Sankara, taron Addis Ababa na 1963, an jero su kamar kiran suna a aji, rabi da Turanci, ana ɗaga hannu sama. Kari ya karye, amsa-amo ya ɓace. Ai Abubakar Ladan Zariya ya riga ku shiga wannan gona, da Hausa tsantsa, ku nemi waƙarsa ku ji yadda ake ɗora baiti.

Abin da ya fi ba mu mamaki, babu wanda ya ambaci Sasa. A Fabrairun 2021 aka ƙona rumfuna da gidaje a can, tsakaninmu da Yarabawan da muke ciniki da auratayya da su. Akwai waɗanda har yanzu ƙarar taya ke firgita su. Yara, ku da kuka tashi da Hausa da Yarbanci a baki, wa kuke jira ya rubuta wannan? Mun ji za ku sake zama bayan Sallah. Za mu zo, da maƙwabtanmu na Mokola.