Iyakar Sarauta da Iyakar Karin Harshe: Sharhi a kan Rabon Kare-karen Hausa da Matsayin Ƙasar Kazaure

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin sharhi a kan wani tsari da ɗaliban digiri na biyu da na uku suka gada wajen nazarin kare-karen harshen Hausa, wato raba su bisa sunayen masarautu. Za a auna tsarin da yankin Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, domin a ga inda yake da amfani da kuma inda yake iya ɓatar da mai bincike.

2.0 Asalin Tsarin

A cikin ƙamusunsa na 1934, G. P. Bargery ya kasa Hausa gida biyu, Hausar Gabas da Hausar Yamma. Daga baya Umaru Ahmed da Bello Daura, a littafinsu An Introduction to Classical Hausa and the Major Dialects na 1970, suka kawo manyan kare-kare guda bakwai: Kananci, Katsinanci, Sakkwatanci, Dauranci, Zazzaganci, Haɗejiyanci da Bausanci. Wannan aiki ya cancanci yabo. Ya fito a lokacin da malamin makaranta yake buƙatar abin da zai riƙe a aji, kuma sunayen da ya yi amfani da su Hausawa da kansu ne suka laƙaba, domin tun da can mutum yakan ji maganar baƙo ya ce wannan Bakatsine ne.

Sai dai kuma kowane suna daga cikin bakwai ɗin nan sunan gari ne mai sarauta. Abin da aka tsara domin sauƙaƙa koyarwa ya zama ginshiƙin bincike, har ɗalibi yakan ɗauka duk inda ikon sarki ya tsaya, a nan karin harshensa ya tsaya. Kundayen digiri na uku na Abdulhamid Abubakar a Jami'ar Landan da na Ahmadu Bello Zariya a Jami'ar Indiyana ta Amurka, waɗanda aka rubuta a farkon shekarun 1980, sun mayar da hankali kan sigogin harshen kansu, musamman tsarin sauti. Duk da haka, hanyar da ta fi sauƙi ita ta fi samun mabiya: a zaɓi gari, a jera kalmominsa a hagu, a jera na Daidaitacciyar Hausa a dama, a kira abin da ya fito da sunan garin.

3.0 Gwajin Tsarin a Ƙasar Kazaure

Tarihin Kazaure kaɗai ya isa ya nuna raunin wannan hanya. Masarautar ta kafu ne bayan jihadi, a hannun Ɗantunku, wanda ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo a 1819, kuma ƙasarta an yanko ta ne daga ƙasashen Kano da Katsina da Daura. A zamanin Turawa tana cikin Lardin Kano, daga 1967 tana cikin Jihar Kano, daga 1991 kuma ta koma Jihar Jigawa. Roni da Gwiwa suna ƙarƙashin Masarautar Kazaure, suna kuma maƙwabtaka da Jihar Katsina. Ɓaɓura kuwa a da gunduma ce ta Masarautar Kano, amma tun 1991 tana cikin Masarautar Ringim.

To, idan sarauta ce ma'auni, Hausar Ɓaɓura Kananci ce har zuwa 1991, daga nan sai ta rasa suna, alhali harshen manomin Ɓaɓura bai sauya ba a daren da aka ƙirƙiro jiha. Haka nan wanda ya sanya Gwiwa cikin Kananci don ta daɗe a Lardin Kano, ya yanke hukunci kafin ya saurari ko da tsohuwa ɗaya. Wanda kuma ya ƙirƙiro wa kowace ƙaramar hukuma nata karin, ya ƙara yawan sunaye ne kawai, bai ƙara wa ilimi komai ba.

4.0 Abin da Ya Kamata a Auna

Akwai sigogi sanannu da ke bambanta Gabas da Yamma. Na farko, baƙin leɓe a ƙarshen gaɓa: Yamma ta riƙe zamna da amre da sabro, Kano kuwa ta mayar da su zauna da aure da sauro, bisa dokar sauyin sauti da ake dangantawa ga Klingenheben. Na biyu, shuɗaɗɗen lokaci na biyu: munka da sunka da anka a Yamma, muka da suka da aka a Kano. Na uku, harafin da ke gabatar da kaikaitaccen karɓau: ya ce ma Audu, ko ya ce wa Audu. Na huɗu, wakilin suna na namiji: shina zuwa, ko yana zuwa.

Aikin mai bincike shi ne ya bi kowace siga ita kaɗai, ƙauye bayan ƙauye, ya zana inda ta tsaya a kan taswira. Masana a wasu ƙasashe sun daɗe da bin wannan hanya. A Jamus, Georg Wenker ya fara aika jimloli ga malaman makarantun ƙauyuka a 1876 domin su juya su zuwa maganar yankinsu, kuma taswirorin da aka zana daga amsoshin sun nuna layukan sigogi suna warwatsuwa a yankin kogin Rayin maimakon su haɗu wuri guda. A Faransa, Edmond Edmont ya ziyarci wurare 639 da kansa domin taswirar harshe ta Jules Gilliéron, wadda aka buga tsakanin 1902 da 1910. Darasin da aka samu shi ne cewa yankunan kan iyaka su ne suka fi bayyana yadda sauyi yake tafiya. Ƙasar da ke kan hanyar Kano zuwa Daura ta Ɗambatta da Kazaure irin wannan yanki ce.

Wajibi ne kuma a lura da wanda ake tambaya. Tun bayan binciken William Labov a birnin Niyok a 1966 aka tabbatar cewa shekaru da matsayi suna tasiri a kan furuci. Saurayin da ya yi karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, yana sauraron rediyon Kano, ba zai wakilci kakarsa ta ƙauyen Roni ba. Sannan rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka kundin da bai ɗauki murya ba ya zubar da rabin hujjarsa.

5.0 Kammalawa

Rabon 1970 yana nan da amfaninsa a aji, amma bai kamata ya zama amsar da ɗalibi zai fita da ita daga gida ba. Nauyin gyara yana kan masu duba kundaye a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, su nemi taswira da murya da bayanin waɗanda aka tambaya kafin su amince da sunan wani kari. Tsofaffin da suka koyi magana kafin boko da rediyo su game ƙauyukan Gwiwa da Ɓaɓura suna raguwa kowace shekara, kuma abin da ba a ɗauka daga bakinsu ba, babu kundin da zai dawo da shi.